Buhun da Baba Ya Ɗinka

Talata, 4 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An rufe kicin. Hedimasta ya sa kwaɗo da hannunsa, ya jefa makullin a aljihu, bai kalle ni ba, bai kalli Gajera abokiyar aikina ba. Shekara takwas ina dafa wa yaran makarantar nan abinci, yau ce rana ta farko da na dawo gida na bar tukunya ba a wanke ba.

Yara goma sha tara ne suka yi amai bayan abincin rana. Wasu jiri, wasu gumi mai sanyi, wasu tsoro ne kawai ya kama su da suka ga 'yan uwansu a ƙasa. Shida aka kai asibiti. An sallamo biyar. Ɗaya tana can, 'yar aji biyu, ɗiyar Maƙwabciya, wadda gonarsu ke jingine da ta Baba.

Shinkafa da wake muka dafa, kamar kowace Talata. Ma'aikacin lafiya ya ɗebi kaɗan a leda ya tafi da shi.

Na sami wannan littafin a cikin kayan da yara ke mantawa a ƙarƙashin benci. An yi rubutu a shafi biyu, na yage. Ba ni da wanda zan faɗa wa, bari in faɗa wa takarda.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na safe

Na tashi, na shirya, na ɗauki jaka. Sai a ƙofar gida na tuna ba inda za ni.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Malamin gona ya zo har gida. Ya ce an dakatar da karɓar waken ƙungiyar manoma sai an gano abin da ya faru. In ba a gano ba, makaranta za ta koma wa ɗan kwangilar birni, mai kawo waken da ƙwari suka ci rabinsu suka bar wa yara rabi.

Manoma goma sha huɗu ne a ƙungiyar. Dukkansu bara war haka taba suke nomawa. Malamin gona ya shekara biyu yana bin su gona gona kafin su yarda, kuma abin da ya sa suka yarda ɗaya ne: makaranta za ta saye waken, 'ya'yansu ne za su ci. In babu makaranta, babu wanda zai zauna da wake. Mai Babur ma ya sani. Wakilin kamfanin taba ke nan, da yara suka laƙaba wa sunan. Wata shida ban ji ƙarar babur ɗinsa a layinmu ba, yau sau biyu ya wuce.

Baba ne na goma sha huɗu. Malamin gona bai iya da shi ba, ni na iya. Shekara uku ina masa naci. Duk lokacin tsinkar ganye sai ya kwanta, amai da jiri da ciwon kai, ya ce rana ce. Duk lokacin gashin ganye sai ya kwana huɗu a bakin wuta, ya fito yana tarin da ake ji daga bayan gida. Da likita ya haska ƙirjinsa ya ce masa, “Tsoho, ko ka bar ganyen nan ko ya raba ka da iyalinka,” sai Baba ya ce wa likitan ai shi ko sau ɗaya bai taɓa sa sigari a baki ba. Gaskiya ya faɗa. Shekara arba'in yana noma ta, bai san ɗanɗanonta ba.

Ranar da ya yarda, cewa ya yi, “To, Uwata, kin ci ni. Mutumin da ya gasa ganye mai lamba ɗaya ya koma tsintar wake kamar kaza.” Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na yi kuka ranar, ya ce in dai kukan wake ne in adana shi sai ya ƙi yin 'ya'ya.

Ya yi 'ya'ya. Gonarsa ta fi ta kowa.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Sun kira mu ofis, ni da Gajera. Hedimasta, malamin gona, da ma'aikacin lafiya.

Gajera ba ta iya ajiye magana, bakinta kamar kwandon da ya huje. Ta ce tun da aka buɗe buhun ta ce waken nan yana wani irin wari. Ta ce ruwan wankin ya fito ja-ja. Ta ce famfo ya ɗauke ranar, sau ɗaya muka wanke a madadin sau uku. Duk gaskiya ne.

Suka juyo kaina. Na ce ban ji warin komai ba. Na ce jan ruwan na ɗauka ƙurar gona ce.

Suka tambayi buhun wa ne. Malamin gona da kansa ya amsa: buhunan duk iri ɗaya ne, farare, ƙungiya ce ta raba, ba suna ba lamba, kuma a ɗakin ajiya an jera su ba a ware na kowa ba. Ya dafe kai da ya faɗi hakan.

Ba su tambayi zaren da aka ɗinke bakin buhun da shi ba. Ni ma ban kawo maganarsa ba.

Ban ji warin komai ba. Wannan ba ƙarya ba ce.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na je asibiti da lemo guda biyar. Yarinyar tana kwance an sa mata ƙarin ruwa, hannunta ko kaurin muciya bai kai ba. Dama can ba ta da jiki, kuma ita ce mai zuwa da kwano sau biyu, ni kuma in yi kamar ban gane ta ba in ƙara mata. Ranar Talata ma na ƙara mata.

Maƙwabciya ta riƙe hannuna tana godiya. Tun da mijinta ya rasu ita ke noma gonar, ita ce mace ɗaya a cikin goma sha huɗun. Ta ce, “Ke kam ba ruwanki, 'yar uwa. Abin da aka kawo miki kika dafa.”

Yarinyar ta buɗe ido ta ce, “Anti, an buɗe kicin?”

Na ce tukuna. Na fita baranda na daɗe ina kallon masu shanya.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Inna ta aike ni ɗauko itace a bayan ɗakin gashi. Dogon ɗaki ne mara taga, da murhu a waje, da bututun ƙarfe da ke zagaya ƙasansa. Nan Baba yake rataye ganyen taba ya gasa shi. Bangon ciki baƙi ne, in ka dafa sai hannunka ya manne.

Wata uku ke nan, lokacin girbin wake, ruwa ya dawo bayan kowa ya ce ya tafi. Kwana biyar ba a ga rana ba. Waken mutane ya fara baƙi a shimfiɗe. A kwana na uku na dawo daga aiki na ga hayaƙi yana tashi daga wannan murhun. Na tsaya na kalla. Na ce a raina, tsohon nan da dabara yake. Har daɗi na ji.

Na leƙa yau. Tsofaffin buhunan taba suna shimfiɗe a ƙasa, da 'yan ƙwayoyin wake a cikin ƙura. Na ja numfashi sosai, sau uku. Ɗaki ne kawai. A cikin wannan warin aka haife ni, a ciki na yi rarrafe, da shi ake ninke mana kaya. Gajera 'yar mahauta ce, ita ma ba ta jin ƙarnin jini.

Baba yana ɗinke bakin buhu irin yadda ake ɗinke damin taba: zare biyu, ɗinki kusa kusa, a tura ƙullin ciki don kada ya kama wani abu. Duk garin nan babu mai yi haka sai shi. Ranar Talata da safe da na ga ɗinkin har na yi murmushi, na ce yau yara za su ci na gida. Da yamma, kafin Hedimasta ya iso da kwaɗonsa, na tsince zaren daga ƙasa na jefa a murhu.

To, na rubuta.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Muna cin abinci Baba ya ajiye cokali ya ce, “Duk wanda ya kai wa yaran nan ruɓaɓɓen wake ba manomi ba ne. Abin da ɗan mutum zai ci, ka kai shi da danshi? Ni nawa ɗaya bayan ɗaya na tsince shi. Na ware manya, na ware matsakaita, masu tabo na ba kaji. In aka sami ƙwaro ɗaya a buhuna a yanke mini hannu.”

Haka ya yi kuwa. Sati biyu yana zaune a kan tabarma da faifai, yana ware wake kamar yadda yake ware ganye lamba lamba. Har muna masa dariya, Inna ta ce saura ya sa wa kowace ƙwaya suna.

Bai sani ba. Wallahi bai sani ba.

Inna ba ta ɗaga kai daga kwanonta ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Sakamako ya fito. Ba ruɓa ba ce, ba maganin feshi ba ne. Taba ce a cikin abincin.

Malamin gona ya tara manoman a gindin bishiyar da ke ƙofar ɗakin ajiya ya faɗa musu. Goma sha huɗu, kowa da ɗakin gashi a bayan gidansa, kowa da ragowar ganye a wani lungu. Sai kowa ya shiga kallon ƙafar ɗan uwansa. An ba su zuwa Asabar su gano ko waken wa ne.

Baba ya dawo bai yi sallama ba. Ya wuce bayan gida. Na ji ƙarar ƙofar ɗakin gashi, sannan shiru.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Baba bai ci abincin jiya ba. Bai ci na yau ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

An sallamo yarinyar, alhamdu lillahi. Amma an sami wanda za a shafa wa kashin kaji, kuma uwarta ce.

Wai ɗaki ɗaya gare ta, a nan take ajiye wake, a nan damin tabar marigayi na ƙarshe yake, wanda kamfani ya ƙi karɓa ita kuma ta kasa zubarwa. Wai dama mace me ta sani da ajiya. Wai shi ya sa 'yarta ta fi kowa jin jiki, don a gida ma shi take ci. Mai shagon kwana ne ya jera mini wannan duka yana auna mini gishiri, kamar yana karanta labarai.

Na san dalilin da ya sa yarinyar ta fi kowa jin jiki. Ludayi biyu ne.

Na karɓi gishirina na fito. Na iya shiru, ashe, ni da ake cewa bakina ya fi wuƙata kaifi.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Inna ta same ni ina wanki. Ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana gyara bakin zaninta.

Ta ce ba gashin ne kaɗai ba. Bayan ya gama tsincewa, tsoron ƙwari ya hana shi sukuni. Ya ce ba zai kai wa makarantar da 'yarsa ke aiki wake mai huji ba, a yi da ita. Sai ya tuna yadda suke kare iri: a daka busasshen ganyen taba, a barbaɗa, a cakuɗa, babu ƙwaron da zai kusanta. Haka suke yi wa iri tun kakanni. Iri kuwa ƙasa ake ba wa, ba yara ba. Ita Inna ce ta daka masa. Kofi biyu a kowane buhu.

“Ya ce za a wanke,” in ji ta. “Ya ce 'yata sau uku take wanke wake.”

Na ci gaba da cuɗa rigar da na riga na wanke.

Ta ce, “Ki rufa mana asiri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In suka kore shi daga ƙungiya, kin san inda zai koma, kin kuma ji abin da likita ya ce. Ke kika fito da shi, kar ki mayar da shi da bakinki.”

Na ce, “Inna, Maƙwabciya fa?”

Ta ce, “Ita yarinya ce, za ta jure.”

Inna mai tsoron Allah ce, ko kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gidanmu sai ta mayar. Yau ita ce ta faɗi wannan, ta tashi ta bar ni da kumfa.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe takwas na safe

In na yi magana, Baba. In na yi shiru, ita, ko su duka. Gaba kura, baya sayaki.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Gajera ta zo wai karɓar aron rariya. Gidansu akwai rariya uku.

Ta zauna ta sha ruwa, ta yi zancen tsadar albasa, ta yi zancen surukarta. Da za ta tafi, a zaure, ta ce, “Yaya, ni gajera ce, ƙasa ta fi kusa da idona. Na ga abin da kika tsinta ranar nan.”

Na waiga in ga ko Inna tana ji.

Ta ce, “Ban faɗa ba, kuma kin san abin da hakan ya ci mini, kwana tara ina haɗiye magana har cikina ya kumbura. Ba kuma zan faɗa ba. Amma yara ɗari uku suna zuwa da kwano suna komawa da shi a bushe. Jiya biyu sun yi barci a aji tun kafin sha biyu.”

Ta tafi ta manta rariyar.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Maƙwabciya ta zo gidanmu da yarinyar a hannu. Ta durƙusa a gaban Baba. Ta ce, “Baba, kai ne babba a cikinmu, kai ka san yadda na sha wahalar waken nan. Kai ka nuna mini tazarar shuka. Gobe ka tsaya mini, ka ce ka san ni. In ka faɗa za su ji.”

Baba yana zaune a kan kujerarsa, hannuwansa a kan gwiwa. Hannuwan nan sun fara haske a bana, baƙin danƙon ganye ya fara fita daga faratansa.

Yarinyar ta gaishe shi. Ya kalle ta, ya kalle ta, sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, “Je ki, 'yata. Allah ya kai mu goben.”

Bayan sun fita na je na tsaya a gabansa. Na ce, “Baba, gobe zan yi magana.”

Bai tambaye ni wace magana ba. Ya ce, “Kin ci abinci?”

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

An yi taron a aji shida, manya a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Iyaye sun cika tagogi. Mai Babur yana can nesa a inuwa, a zaune a kan babur ɗinsa yana danna waya.

Mutum biyu suka yi magana, duk suka nufi inda aka san za su nufa. Maƙwabciya ta rufe fuska da mayafi. Na miƙe. Ban shirya komai ba, na dai ce, “Ni na buɗe buhun.”

Sai na ji muryar Baba daga baya. “Zauna, Uwata. Ke ba ki da gona.”

Ya taso yana dafa benci. Ya tsaya a gaban allo, ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi a cikin mutane ba. Ya faɗa duka, a jere, yadda yake bayanin gashi: kwana nawa a ɗaki, wuta yaya, ganye nawa aka daka, kofi nawa a buhu, buhu tara. Bai ce bai sani ba, bai ce ruwa ne ya jawo ba. Sunan Inna bai fito daga bakinsa ba. Ya juya wajen Maƙwabciya ya ce, “Kwana biyar ina ji ana cin namanki, ina zaune. Wannan ya fi na waken muni. Ki yafe mini.”

Sai wani tsoho daga cikin goma sha huɗun ya yi gyaran murya ya ce shi ma ya so ya barbaɗa, ganyen ne ya ƙare masa. Wani ya ce shi ma a ɗakin gashi ya busar da rabin nasa. Malamin gona ya miƙe idonsa ya yi ja, ya ce, “Na koya muku shuka, na koya muku girbi, ban koya muku ajiya ba. Na ɗauka kowa ya san wake.”

Na faɗi nawa ni ma, zaren da wankin. Hedimasta ya rubuta.

An ware buhunan Baba takwas da suka rage, ɗinkinsa ne ya nuna su. Za a gwada na sauran. Sannan aka ɗaga hannu: goma sha uku suka ce ya zauna a ƙungiya. Hannun Maƙwabciya ne ya tashi a ƙarshe, amma ya tashi.

Ba a kore shi ba. Ba a kore shi ba. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Takardar gargaɗi aka ba ni. Na karɓa da hannu biyu, da ma ta fi haka zafi.

Baba ya ci abinci, kaɗan. An haƙa rami a bayan makaranta an binne buhunan takwas. Ya ce sai ya je ya gani. Ya tsaya har aka rufe, ya dawo ya kwanta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

An buɗe kicin. Mun kankare tukunyar da muka bari, sai da muka jiƙa ta awa biyu. Yanzu Gajera ce mai shinshina kowane buhu, ta sa hanci ta ɗago kamar mai duba turare, ta ce “ya wuce.” Ni an cire ni daga wannan aikin har abada, kuma daidai ne.

Yara sun yi layi har bakin famfo. Yarinyar ta zo da kwanonta, ta leƙa tukunya, ta ce shinkafa kawai take so.

Na kawo wa Baba labarin layin. Na yarinyar ban kawo masa ba. Ya ce madalla.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malamin gona ya kawo sababbin buhuna masu leda biyu a ciki, waɗanda ƙwaro ke mutuwa a cikinsu ba tare da an sa komai ba. Ya nuna wa Baba yadda ake ɗaurewa. Baba ya juya buhun, ya yaba, ya mayar masa. Ya ce a ba masu buƙata.

Malamin ya ce to irin bana fa, a rubuta masa mudu nawa? Baba ya ce zai yi shawara.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Akwai sawun tayar babur a ƙofar gidanmu. Na share. Inna ta gan ni, ta koma ciki.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi masa magana. Na yi masa faɗa ma, Allah ya yafe mini, na ɗaga murya har Inna ta fito. Na ce an yafe maka, me kuma kake nema? Na ce kowa ya yi kuskure, wasu ma a gabanka suka faɗi nasu. Na ce likita. Na ce shekara uku ina binka. Na ce in ba don kanka ba, don ni.

Ya bar ni na gama. Ya ce, “Uwata, sun yafe, na gode musu. Amma ni in na riƙe wake yanzu, hannun yarinyar nan nake gani da allura a jiki. Na yi iyakar iyawata a kan waken nan. Ban yi ha'inci ba, ban yi lalaci ba, duk abin da na sani na zuba masa, kuma abin da na sani ɗin ne ya kwantar da 'ya'yan mutane. Gobe wane abin da na sani ne zai fito? Ni ban san shi ba, ke ma ba ki san shi ba.”

Na ce ai taba ma mutane take kashewa.

Ya ce, “Manya ne, da ƙafarsu suke zuwa su saya. A gonar nan kuwa ni kaɗai take ci. Wannan na iya ɗauka.”

Na san akwai amsa. Malamin gona zai san ta. Ni na tsaya ne kawai ina kallon wuyansa, yadda ya rame.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Goma sha uku sun karɓi irin wake.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe tara na safe

Da gari ya waye ban same shi a ɗaki ba. Na bi hanyar rafi. Yana can inda yake renon irin taba tun ina yarinya. Ya tayar da komaye, ƙananan fangalan reno, goma sha biyu, a miƙe kamar an ja da zare, ya yafa iri, ya rufe da ciyawa. Ban san yaushe ya yi wannan duka ba.

Irin taba ƙanana ne kamar ƙura, in rana ta taɓa su a bushe sun mutu. Safe da yamma ake ba su ruwa, kwana arba'in, ba fashi.

Na same shi ya cika garwa a rafi, ya ɗaga, ya yi taku huɗu ya ajiye. Tari ya durƙusar da shi. Ya tashi ya sake ɗagawa, ya yi taku uku. Ya gan ni, bai ce in zo ba, bai ce in tafi ba.

Na tsaya a kan gaɓa na rantse a raina ba zan taɓa ba. Na ce su bushe, su mutu duka, in ya so ya yi fushi da ni har shekara. Na tsaya ina kallo har ya ɗaga a karo na uku, ruwan yana zuba a ƙafarsa.

Na sauka na karɓi garwar. Na shayar da goma sha biyun duka. Da yamma ma ni zan je.